Kunyar da ke hana matan zango neman maganin ciwon damuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da iyayenmu mata da yayyenmu da ƙannenmu na Nima, Maamobi, Sabon Zango, Fadama, Madina da sauran zangunan Accra. Ciwon damuwa da danginsa suna cin mata a cikin ɗakunansu, kuma maganinsu yana nan kusa, wani lokaci kuɗin tirotiro (motar haya) ɗaya ne tsakaninsu da shi. Abin da ke tsare su kunya ce, kuma rabin wannan kunya rashin sanin abin da ake yi wa mutum ne in ya shiga asibitin. Don haka za mu faɗe shi dalla-dalla.

Da wuya mace ta ce "ina da damuwa." Abin da take cewa shi ne kaina yana zafi, wani abu yana yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata tana bugawa, jikina ya mutu, ba na samun barci. Ba ƙarya take yi ba, ciwon a jiki take jin sa. Sai ta je shagon magani a ba ta na zazzaɓin cizon sauro, ta koma a ba ta na taifot, ta sake komawa a ba ta na ƙarin jini. Wata shida, shekara guda, kuɗin adashe sun ƙare a kwalabe, gwaje-gwaje duk sun fito lafiya lau, ita kuma tana nan yadda take. A nan ne gida yake yanke hukunci cewa ba ciwon asibiti ba ne.

Baƙin ciki ba ciwo ba ne. Wadda mijinta ya rasu, ko aka sake ta, ko jarinta ya karye, dole ta yi kuka, kuma kukan yana sauƙi da ta'aziyya da wucewar kwanaki. Ciwon damuwa yana da alamominsa. Ƙunci ne da ke wuni da mace kusan kullum har mako 2 ko fiye, ko kuma ta daina jin daɗin duk abin da take so a da: hira, biki, kwalliya, wasa da jikoki. Tare da haka sai barci ya lalace, galibi ta farka tun kafin kiran assalatu ta kasa komawa. Abinci ya fita daga ranta ko ta riƙa ci ba ƙoshi, gajiya ba tare da aiki ba, ta kasa lissafin cinikin da ta saba yi da ka, ta riƙa ganin kanta ba ta da amfani, laifin komai nata ne. Mafi nauyi, ta fara jin gara ma a ce babu ita. Idan waɗannan sun taru har sun hana ta girki ko kasuwa ko kula da yara, ciwo ne mai suna, kuma ana warkewa.

Kunyar nan ba ta banza ba ce, kuma ba ma raina ta. Mace tana tsoron a gan ta a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, kafin la'asar labari ya kai gidan suna cewa wance ta taɓu. Tana tsoron kishiya ta samu abin gori, tana tsoron dangin miji su karɓe mata yara, tana tsoron masu neman 'ya'yanta su janye. Amma tsoron da ya fi cin masu addini shi ne a ce imaninsu ne ya yi rauni, domin ana yawan gaya musu cewa mai salla da zikiri ba ya shiga ƙunci. Wannan magana ta cutar da mata da yawa, kuma ba ta da tushe.

A cikin Suratu Maryam, aya ta 23, lokacin da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, an manta da ita. Wannan ita ce macen da Allah Ya zaɓa a kan matan talikai. Amsar da aka ba ta ba tsawa ba ce. An ce mata kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinta, ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma a wannan hali ne yake cewa haƙuri mai kyau. Imam Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunun sha'ir, a ba mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage wani abu na baƙin ciki. Ke nan tun a gidan Annabi an san cewa ƙunci yana da alaƙa da jiki, ana kuma yi masa magani ta jiki. Nana A'isha ce dai ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. 'Yan'uwanmu Kirista da muke zaune tare su ma sun san labarin Annabi Iliya, wanda ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci.

Akwai abu ɗaya da muke so malamanmu mata na makarantun dare da na Asabar da Lahadi su riƙe. Mai ciwon damuwa takan ji salla ta yi mata nauyi, ta buɗe Alƙur'ani ta kasa tara hankalinta, ta yi addu'a ta ji kamar ba ta wuce rufin ɗaki ba. Wannan alamar ciwon ce, daidai da rashin barci da rashin cin abinci. In aka yi mata wa'azin wuta a wannan hali, an ƙara mata abin da zai tabbatar mata cewa ita tsinanniya ce. Idan ciwon ya yi sauƙi, daɗin ibada yana dawowa tare da daɗin abinci. Haka kuma wadda take sake alwala sau goma, ko ta yi ta maimaita kabbarar harama har lokaci ya fita, ko munanan tunani game da Allah suna faɗo mata tana kuka tana istigfari: waswasin da ya kai haka ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma tunanin da ya zo wa mutum ba da son ransa ba, ba a kama shi da shi.

Jego ne wurin da muka fi asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Sai dai abu uku ne daban, kuma haɗa su wuri guda yana jawo kuskure. Na farko, kwana 2 ko 3 bayan haihuwa mai jego ta riƙa kuka ba dalili, ranta yana saurin ɓaci. Wannan ya zama ruwan dare, yana wucewa da kansa kafin mako 2, barci da taimakon gida kawai yake so. Na biyu, ƙuncin ya wuce mako 2, ko ya taso daga baya a cikin shekarar farko: ba ta jin jaririn a ranta, ko tsoro ya hana ta runtsawa ko da yaron yana barci, tana ganin ba ta cancanci zama uwa ba. Wannan yana buƙatar asibiti, kuma wuri mafi sauƙi na faɗarsa shi ne wajen ungozomar da ta yi mata awo, ko ranar da aka kai yaro sikeli da allurar mako 6, wadda take faɗowa daidai da arba'in. Akwai takardar tambayoyi 10 da aka tsara don masu jego, ba ta cin minti 10.

Na uku shi ne mai haɗari. Yana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, galibi a cikin mako 2 na farko. Mai jego ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta yi ta surutu ba kai, ta rikice, ta ce tana jin muryoyi, ko ta ce an musanya mata jariri. Gida yakan ce iska ce ta shige ta saboda jinin haihuwa, a rufe ta a ɗaki da hayaƙi, a ɓoye wa maƙwabta har a wuce suna. Wannan larura ce ta gaggawa kamar zubar jini. A kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada kuma a raba su da faɗa. Zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa da hawan jinin masu ciki su ma suna rikita mace, wanda hakan wani dalili ne na gaggawa. Mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna warkewa sarai, su koma su reni 'ya'yansu.

To, ina za a je? Mutane sun san manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati: na Accra da aka buɗe a 1906, da na Pantang, da na Ankaful kusa da Cape Coast. Sunayen nan su ne abin tsoron, kuma ba dole ba ne a fara da su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma karkata aikin zuwa cikin al'umma. Yau asibitocin gunduma da manyan asibitocin unguwa suna da nas-nas da aka horar kan wannan fanni, kuma asibitin koyarwa na Korle Bu yana da sashensa, kamar yadda na Komfo Anokye yake da shi a Kumasi. Mace za ta shiga ta ƙofar da mai hawan jini da mai ciwon suga suke shiga, ta yanki kati a taga ɗaya da su. Wadda duk da haka take jin nauyin idon unguwa, ba laifi ta je asibitin wata unguwa. Muhimmin abu ta zaɓi wanda za ta iya komawa duk wata ba tare da kuɗin mota ya gagare ta ba.

Ta tafi da katin inshorar lafiya mai rai da katin ɗan ƙasa, da littafin awo in tana da ciki ko goyo, da duk abin da take sha a cikin leda guda: ƙwayoyi, jiƙo, garin magani, har da na tsarin iyali. Dokar 2012 ta ce kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kyauta ne, kuma a ƙarshen 2024 hukumar inshorar lafiya ta sanar da shigar da larurori huɗu cikin tsarinta, ciki har da ciwon damuwa da ciwon fargaba. A aikace magani yakan yanke a asibitoci, a rubuta wa mutum ya saya a waje, don haka a riƙe 'yan sidi a hannu, a kuma tambayi likita ko akwai mai rahusa da ke aiki iri ɗaya.

Idan ta zauna gaban nas ko likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sai ta iya wasu manyan kalmomi ba. Ya isa ta ce: wata uku ke nan ba na barci, ina kuka ba dalili, na kasa aikina, an yi mini gwaji ba a ga komai ba. Za a tambaye ta yaushe ya fara, me ya faru a lokacin, yaya zaman gida, ko wani a dangi ya taɓa irin wannan, ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Kowa ake yi wa wannan tambayar ta ƙarshe, ba zargi ba ne. Za a auna hawan jini, sau da yawa a duba yawan jini da suga, wani lokaci da gwajin maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kwaikwayon ciwon damuwa, musamman ga mai jego. Mafi yawan mata a ranar suke komawa gida. Ba a kwantar da mutum sai in ransa ko na wani yana cikin haɗari, ko ya rikice ƙwarai.

Harshe yana kawo cikas da ba a cika lura da shi ba. Dattijuwar da Hausa kaɗai take sakin jiki da ita, in ta tarar da ma'aikaci mai Turanci da Tuwi, sai a jawo ɗanta ko surukarta su yi tafinta. Ba uwar da za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ta bakin ɗanta. Tana da ikon ta nemi a kira ma'aikaciya mai jin Hausa, tana da ikon ta ce wanda ya rako ta ya jira a waje, tana da ikon ta nemi mace ta zauna a ɗakin in likitan namiji ne. Abin da ta faɗa sirri ne da doka ta kare, ba a kai wa miji ko uwar miji sai da yardarta, in ba rai ne ke cikin haɗari ba.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. In ciwon bai yi nauyi ba, ana farawa da zaman tattaunawa da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako na tsawon wasu makonni. Ba nasiha ba ce irin ta gwaggo. Ana bin tunanin da ke kai mace ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ana tsara mata ƙananan ayyuka da za ta koma yi tun kafin ta ji sha'awarsu, ana warware matsala guda kafin a taɓa ta gaba. Wadda take samun faɗuwar gaba ta farat ɗaya, numfashi ya sarƙe, ta ji kamar mutuwa ce ta zo, abin ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ya sauka, ana koya mata yadda za ta sassauta numfashi da yadda za ta daina gudun wuraren da abin ya taɓa kama ta.

In an ba da magani, a nan ne aka fi yin ɓari, don haka za mu daɗe a kai. Magungunan da aka fi bayarwa su ne fuloksetin, wanda akan fara da miligiram 20 da safe, da satralin, da amitiriftilin da ake sha da dare. Ba sa aiki kamar maganin ciwon kai. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kafin a ga sauƙi na sosai, amma illolinsu tun makon farko suke zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, ɗan rashin natsuwa, ko kuma bushewar baki da nauyin jiki da taurin bayan gida ga mai shan amitiriftilin. Mace ta sha kwana biyar, ta ji ta fi da lalacewa, ta ajiye, ta ce maganin asibiti bai karɓe ta ba. Alhali yawancin illolin nan suna lafawa cikin mako 1 ko 2. Idan sun yi tsanani a koma a faɗa, akwai rage awo, akwai canji.

Ɓari na biyu yana zuwa ne daga jin sauƙi. Wata biyu ta warware, ta koma kasuwa, sai ta ce ta warke, ko wata ta ce mata kada jikinki ya saba. Ta daina, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, gida ya ce ai dama mun faɗa. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji daidai, sau da yawa har wata 9 zuwa 12, sannan likita ya riƙa ragewa a hankali cikin makonni. Yankewa rana ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da jin kamar ana tsira wa mutum allura a ka. Waɗannan magunguna ba sa sa maye, ba sa sa mutum ya riƙa neman ƙari. Masu kama mutum su ne waɗanda ake saya a ɓoye don a samu barci ko ƙarfin aiki: baliyam, tiramadol, maganin tari mai kodin. Abin takaici ne a ce mace ta ji kunyar layin asibiti amma ta aiki yaro shago ya sayo mata waɗannan.

Wadda aka ba maganin rikicewar tunani, irin halofiridol ko allurar wata-wata, in wuyanta ya sandare, ko hannu yana rawa, ko miyau yana zuba, ba ciwon ne ya ƙaru ba, kuma ba aljani ba ne. Illar magani ce, ana gyara ta da rage awo ko ƙara wata 'yar ƙwaya. Irin wannan kamanni ne ke sa unguwa ta ce asibiti yana mayar da mutum dolo, alhali komawa ɗaya zai gyara shi.

Mai ciki, da mai shayarwa, da mai niyyar ɗaukar ciki, su faɗa tun kafin a rubuta. Akwai magungunan da suka dace da shayarwa, satralin yana cikinsu, don haka ba sai an yaye yaro ba. Akwai kuma sodiyam balfuret, da ake bayarwa don farfaɗiya da ciwon hawa da saukar yanayi (mutum ya yi zumuɗi fiye da kima, daga baya ya faɗa ƙunci), wanda yake iya nakasa ɗan tayi. Macen da ke cikin shekarun haihuwa ta yi magana da likita a kansa, amma kada ta yanke shi da kanta. Kabamazefin, wani maganin farfaɗiya, yana raunana ƙwayar tsarin iyali da ashanar hannu. Amitiriftilin kuwa yana da haɗari in aka sha da yawa, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, kuma in mara lafiyar tana cikin mummunan hali wani amintacce ya riƙe, ya riƙa ba ta na kowace rana.

Azumi ma yana buƙatar shiri tun watan Sha'aban. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana yawanci ana iya mayar da shi sahur ko bayan buɗa baki, likita zai faɗi wanda ya dace. Masu shan litiyam, maganin hawa da saukar yanayi, su ne abin lura, domin ƙishirwa tana tara shi a jini har ya zama guba, kuma raba dare ba barci yana iya tayar da ciwon masu hawa da saukar yanayi. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ba ta ce sai ciwon da ido ke gani ba.

Ba mu ce a bar addu'a ba, kuma ba wanda zai ce miki haka a asibiti. Manzon Allah (SAW) ya yi ruƙiyya, shi ne kuma ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. A yi tofi, a yi zikirin safe da yamma, a sha magani. Amma akwai alamomin da in aka gan su wajen mai magani, malami ne ko fasto ko boka, sai a tashi. Wanda ya ce a ajiye maganin asibiti. Wanda ya ce sai ya keɓe da mace a ɗaki ba muharraminta. Wanda yake duka da sunan dukan aljani, ko ya ɗaure mutum da mari, ko ya hana shi ci da sha kwana da kwanaki. Wanda ya nuna kishiya ko uwar miji ya ce ita ta yi, ya bar gida da gaba ta har abada. Hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa tun 2017. Malaman kirki suna nan da yawa a zango, kuma alamarsu ita ce in sun ga abin ya wuce mako biyu sukan ce a haɗa da asibiti.

Sai maganar da aka fi gudu. Mace mai salla tana iya jin tana son ta kashe kanta, kuma sanin girman haramcin abin yana sa ta ƙara rufe bakinta. Idan 'yar'uwarki ta fara cewa na gaji da duniya, ku yafe mini, ku riƙe mini yaran nan, ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada ki yi salati ki tashi, kada ki fara da wa'azi. Ki zauna da ita, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai ta sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, ko a kira 112. A da doka tana hukunta wanda ya yi yunƙurin, shi ya sa iyalai suke ɓoyewa. A watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta soke wannan hukunci. Ba ɗan sandan da zai kama ta, mara lafiya ce a idon doka.

Wani lokaci tushen ƙuncin yana kwana a ɗaki ɗaya da mace. Ƙwaya ba ta maganin duka, ko zagi na kullum, ko hana abinci. A gaya wa nas gaskiya. Dokar 2007 kan cin zarafi a cikin gida tana nan, sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, yana nan, kuma waliyyai da limamin unguwa suna da hakkin tsawatarwa tun kafin a kai can. Kalmar "yi haƙuri" tana da kyau a bakin wanda ya tashi ya yi wani abu. In ita kaɗai ake ba mace shekara da shekaru, ta zama hanyar sallamarta.

Iyaye mata masu ɓoye ciwon 'ya saboda aure, mun fahimci tsoronku, amma ku dubi yadda abin yake ƙarewa. Ana gab da biki sai a ce ta daina shan magani kada ango ya gani. Ta tare, ta ɗauki ciki, ciwon ya tashi a jego a gidan da ba wanda ya san tarihinta, sai a ce an yaudare su, auren da ake tattali ya mutu. Wadda ta taɓa rikicewa bayan haihuwa, ko take da ciwon hawa da saukar yanayi, tana cikin haɗarin maimaitawa a haihuwa ta gaba, kuma ana iya tsara kariya tun tana da ciki in an sani. Gara a zaunar da mai neman a gaban likita ya ji bayani da kunnensa. Game da gado kuma, ko a ciwon rikicewar tunani mai tsanani, in ɗaya daga iyaye yana da shi, kusan 9 cikin 10 na 'ya'yan ba sa samu.

Maigida, aikinka a nan ba mai wuya ba ne. Ka ba da izini da kuɗin mota, ka raka ta zuwan farko in tana so, ka san ranar komawa. Mai jego tana buƙatar barci na awa huɗu ko biyar a jere, wanda ba zai samu ba sai wani ya karɓi jaririn wani ɓangare na dare. Kada maganin ya zama abin gori ranar da aka yi saɓani.

Muna roƙon limamanmu, tun daga ofishin Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, har masallatan lungu, su ware huɗuba guda a kan wannan, su ambaci kalmar asibiti a kan mumbari, domin abin da liman ya faɗa ranar Juma'a yana buɗe ƙofar da nas ba ta iya buɗewa. Ƙungiyoyin mata irin su FOMWAG, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Ghana, da magajiyoyin unguwanni su gayyaci nas ɗin wannan fanni zuwa taron wata, ta zo da sunan ɗakin da take zama da ranakun da take ganin mutane. Hukumomin lafiya na Ayawaso da Ablekuma da Madina kuma muna roƙon su tabbatar akwai mai jin Hausa a ranakun asibitin ƙwaƙwalwa, su sa tambayoyin nan 10 cikin abin da ake yi wa kowace mai jego ranar allurar mako 6.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya da malaman makarantun matan aure,
Nima da Maamobi, Accra.